Filtir ɗin bak ɗin kihina a Yamai, abin da nike rubutawa tun hunturu

12 Janairu 2025

Bak ɗin, wato akwatin gilashin da nike kiwon kihi ciki, lita 60 ne, yana salon, nesa da inda rana ke bugu. Cikinshi ƙananan kihin ado ne, gupi da moli baƙaƙe, sai ƴar ciyawar ruwa da ke fama da kanta. Filtir ɗin, abin tace ruwan, na ciki ne, irin wanda ake mannawa jikin gilashi da roba, a kwali an rubuta lita 300 a awa, wato ruwan bak ɗin duka shi ratsa ta cikinshi sau biyar a awa guda, in dai ka yarda da kwali. In ka buɗe shi hawa ukku ne, auduga ta farko, soso shuɗi mai manyan ramu a tsakiya, sai ƴan zoben seramik cikin raga.

Yau na ga ruwan da yake turowa ya rage ƙarhi, da har ƙarshen bak yake kaɗa saman ruwa, yanzu iyakarshi rabi. Wannan ita ce alamar da nike bi, ba ni da wata ranar wanki da na sa a kalanda. Ƙurar hunturun ga ma ba ta barin kowa, ko da marhi a kai sai ka ga wani farin abu kwance bisa ruwa da sahe, kuma duk cikin auduga yake ƙarewa.

Na cire waya daga priz tukuna, injin nan in ya yi aiki ba ruwa ƙonewa yake. Na ja lita 15 da tiyo cikin bokiti, ruwan bak ɗin kanshi, cikinshi na tsoma soso na matsa a hankali. Matsar farko wani baƙin laka ya hito yana tashi cikin ruwa har hannuna ya ɓace, na sake na bari ya sha ruwa na ƙara matsawa, da na ga abin da ke hitowa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa sai na tsaya. Soson bai koma shuɗi ba kuma ba a so shi koma. Na kai shi hanci, ƙanshin ƙasa yake kamar ran da ruwan farko ya sauka, to lahiya lau kenan. Zoben seramik girgiza su kawai na yi cikin ruwan, auduga kuwa ta mutu, na jefar na sa sabuwa.

Maman yara na tsaye tana kallo, ta ce Maigida, da dattin nashi za ka maida shi? Na ce e, dattin ne ke riƙe da ran kihin. Ta yi dariya ta wuce, amma gaskiya ce. Kihi na hidda amoniya ta kunnuwanshi da kashinshi, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya ce, kuma guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke manne jikin soso da seramik, wasu na maida amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su maida nitirit nitirat, shi wannan da sauƙi, canjin ruwa ke rage shi. Ba su yawo cikin ruwa sosai, manne suke, shi ya sa canza ruwa bai ɗauke su amma wanke soso da ruwan pompo na iya gamawa da su. Ruwan bokitin na zuba ma zogalen tsakar gida, taki ne.

27 Janairu

Auduga ta sake toshewa. Cikin ƙura haka take, ba wani abu. Canzawa kawai, ban taɓa soso ba.

Na ratsa kasuwar Katako na duba ko zan samu soson da zan ajiye na gaba. Na katifa ya cika wurin kuma arha, amma ni ban sa shi, ramunshi ƙanana ne yana toshewa da wuri, kuma ba ka san abin da aka zuba mishi a kamfani ba. Na wankin kwano ma haka, wasu ana sa musu maganin kashe ƙwayoyi tun daga can, to ina amfani. Gwajin da nike yi, in kai soso baki in hura, in iska ta wuce ba tare da na cika kumatu ba to ruwa ma zai wuce. Masu rumfa sai kallona suke.

16 Fabrairu

Yau muka yi ƴar gardama da mai shagon kihi. Ya ce Alhaji (ko Makka ban je ba amma to), ka sa gawayi cikin filtir, ruwa zai yi garau, kowane wata ka zo ka canza kayan cikin filtir ɗin gaba ɗaya. Na ce mishi gawayin na yarda yana da aikinshi, amma canza komai kowane wata, wannan aljihunka yake gyarawa. Ya yi dariya bai musa ba.

Gawayin da suke saidawa ba na shayi ba ne, gasa shi ake da tururi mai zahi ƙwarai har shi yi ƙananan ramu ba iyaka, giram guda na iya ɗaukar hilin da ya wuce murabba'in mita 500 in da za a shimhiɗa ramun. Yana tsotse launi da wari da ragowar magani. Amoniya kuwa ba ruwanshi da ita, kuma cikin ƴan makonni yake cika ya zama dutse kawai. Don haka ni sai in an gama ma kihi magani nike sa shi, shi kwashe saura, in hidda. Lokacin maganin kanshi ba a barin shi ciki, shanye maganin zai yi kana nan kana jiran sauƙi. Kuma wanga shuɗin magani, bule na metilen, yana taɓa bakteriyar filtir, gara a ware kihin da bai da lahiya cikin wata roba daban a yi mishi can.

Abin da na ƙara yau shi ne tsingaro. Wani tulu ya fashe a gida, na ƙasa ne zalla ba fenti ba ƙyalli, na farfasa shi ƙanana, na goge kaihin bakin a jikin siminti, na dafa cikin ruwa, na sa cikin raga bayan ciyawa inda ruwan filtir ke bugu. Ƙasar da aka gasa tana da ramu, ƙwayoyin na samun wurin zama, seramik ɗin shago ma ai dangin abin ne. Na gwada pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kahin in sa, zan sake gwadawa nan gaba in ga ko ya motsa.

9 Maris

Azumi ya shigo, zahi ma ya fara leƙowa. pH bai motsa ba, tsingaro ya zauna, har ya fara santsi in ka taɓa.

Na sayo ƙaramin injin iska mai USB da filtir na soso zalla, irin wanda kumfar iska ke jan ruwa ta cikinshi, ba inji cikinshi ba komai. Dalili ɗaukewar kuran. Kowa a garin ga ya san yadda Afrilu da Mayu suke, kuma wanga ɗan inji power bank na waya na riƙe shi dare guda cur. Na kahe shi ɗaya kusurwar, na matse tsohon soso kusa da shi don laka ta shiga sabon, ruwa ya yi duhu kamar awa biyu sannan ya washe. Sabon soso in an bar shi da kanshi yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kahin shi kama aiki, ƙwayoyin ga ba su da sauri ko kaɗan, wasu bakteriya cikin minti 20 sun ninka, su waɗanga sai su kai kusan wuni da kwana. Na ci karo da cewa tun 1890 wani masani Winogradsky ya gano irinsu cikin ƙasa, kuma tsoffin littattafai duk bakteriyar Nitrobacter suke kira a matakin maida nitirit nitirat, sai a 1998 bincike ya nuna cikin bak ɗin ruwan daɗi Nitrospira ce ke yawan aikin. Ni dai ko wace ce, ta zauna lahiya.

6 Afrilu

Mun dawo daga Tawa jiya da dare, can muka yi salla. Ina shiga salon na ga gilashi na walƙiya, duwatsu fari fat, soso shuɗi shar kamar yau aka hiddo shi daga leda. Gabana ya faɗi.

Ƙanwar maman yara da muka bari a gida ce. Ta ce Yaya ai na ga ƙazanta ta yi yawa, baƙi za su zo barka da salla su ga wanga abu, sai na wanke maka shi tas, har omo na sa ma soson na ɗauraye shi sosai a pompo. Tana faɗi tana jiran in ce madalla. To me za ka ce, yarinya da zuciya ɗaya ta yi. Na ce sannu da aiki, amma daga yau ko kin ga ya yi baƙi ƙirin ki bar min kayana, ta ce to Yaya mai kihi.

Allah ya taimaka ba ta taɓa sabon filtir na iska ba don tana tsoron tiyon, ragar tsingaro ma ba ta gan ta ba. Gupi biyu sun mutu, saura suna sama suna haki, moli ɗaya ta lahe a ƙasa. Na tsoma takardar gwaji, wurin nitirit da ya kamata shi tsaya fari ya yi ruwan hoda sosai. Nitirit cikin jini yake shiga shi hana shi ɗaukar iska, shi ya sa kihin ke haki ko da kumfa na tashi gabanshi.

Soson da ya sha omo na jefar na sa sabo, ban yarda da shi ba ko an ɗauraye sau nawa. Seramik ruwan pompo kawai suka sha, na maida su. Na canza rabin ruwa da wanda na sa ma maganin cire klor, na narka gishiri ƙaramin cokali ga kowace lita 10 na zuba a hankali, gishirin na rage yadda nitirit ke shiga jikinsu, kuma gupi da moli suna jure shi. Abinci na tsaida. Kihi bai mutuwa don ya yi kwana biyu bai ci ba, abin da ke kashe shi yanzu shi ne abin da zai hito bayan ya ci.

9 Afrilu

Hodar ta ragu amma tana nan. Kullum canjin kashi ɗaya cikin ukku, da maida gishirin daidai ruwan da na ɗiba. Ruwa ya yi fari-fari kamar hazo, wannan wasu ƙwayoyi ne masu saurin yaɗuwa, ba su ne nike jira ba, ban taɓa komai ba zai washe da kanshi. Moli ta tashi.

19 Afrilu

Nitirit ya koma fari, nitirat ya fara hawa kaɗan, alamar aiki ya kama kenan. Na maida abinci sau ɗaya a wuni, abin da za su cinye cikin minti biyu. In ba don filtir na biyu da tsingaron nan ba da sai mun shiga Mayu muna wanga fama.

Maganar ruwan pompo tunda ta taso. Ruwan da muke sha a Yamai daga kogi ake jan shi, a tace a matatar ruwa ta Gudel, a sa klor, kuma klor ɗin alheri ne garemu, shi ke hana mu ciwon ciki. Amma aikinshi kenan kashe ƙwayoyi, bai san na kirki da na banza ba. Ni randa na ware ma kihi, in cika ta in bari ta kwana a buɗe da ƴar raga a baki saboda sauro, klor na hita da kanshi, ga shi ruwan randa ya hi na pompo sanyi, na pompo da rana tsaka yanzu har ƙona hannu yake. In gaggawa ce sai ɗigon maganin klor, shi nan take yake aiki.

4 Mayu

Wanga wata ne jarrabawar. Waje ya wuce digiri 40 kullum, ruwan bak na gani ya kai 33 da la'asar, alhali gupi tsakanin 22 da 28 yake so. Matsalar zahi biyu ce a haɗe. Ruwa mai zahi bai riƙe iska da yawa, a digiri 25 wajen miligiram 8 a lita yake ɗauka, a 35 bai wuce 7 ba, ga shi kuma lokacin ne kihi da bakteriya duka suka hi buƙatarta don jikinsu na gudu. Sannan amoniya kanta ta hi dahi in ruwa ya yi zahi ko pH ya hau. Wato kuskuren da za ka yi a Janairu ka tsira, a Mayu sai ka kwashi gawa.

Na cire marhi na sa raga, na ɗaura ƴar fanka tana hura saman ruwa. Da busasshiyar iskar garin ga abin na aiki sosai, ya sauko 29 zuwa 30. Kuɗinshi shi ne ruwa na tahiya, kullum sai na cika, kuma abin da ke tashi ruwa ne zalla, gishiri da nitirat suna nan suna taruwa, don haka cikawa ba ta maye gurbin canji. Ƙanƙara kuwa ban jefa ta kai tsaye, in ta kama sai gorar roba da ta daskare a firigo in bar ta tana yawo bisa ruwa, sauka a hankali ake so.

Shekaranjiya kuran ya tahi tun bayan azahar bai dawo ba sai tsakar dare. Power bank ya riƙe filtir na iska, shi babu damuwa. Na cikin ne abin ji, don in injin ya tsaya ruwan da ke kulle cikin akwatin bai motsi, ƙwayoyin su shanye iskar da ke ciki cikin ƴan awoyi, daga nan su fara mutuwa, laka ta fara ruɓa, in wuta ta dawo kana barci sai injin shi turo wannan ruɓaɓɓen ruwan duka cikin bak. Don haka da na ga magariba ta yi babu labari, na cire shi daga priz, na buɗe da tocilan a baki, na hiddo soso da ragar seramik na saki cikin bak ɗin kusa da kumfa. Yara na ta tambaya Baba mi kake yi cikin duhu. Da sahe na shinshina akwatin, ɗan wari-wari ya fara amma bai kai na ruɓaɓɓen ƙwai ba, na ɗauraye shi na haɗa. In ka ji warin ƙwai to kada ka kunna sai ka wanke cikin bokiti tukuna. Nitirit fari.

Yanzu na mai da shi doka, in za a kwana ba kowa a gida, na ciki a cire, na iska shi kaɗai ke aiki.

25 Mayu

Ban wanke komai ba watan ga in ban da auduga. Cikin zahi ban son taɓa su. Ƙarhin ruwa ya ragu amma ba soso ba ne, farfelar injin ce, wata ƴar ƙarama mai maganaɗisu, gashin ciyawa da santsi sun naɗe ta. Tsohon buroshin haƙori ya gama aikin. Mutane da yawa nan suke cewa filtir ya lalace su sayi sabo.

21 Yuni

Gupi ta haihu. Su ba ƙwai suke yi ba, ƴaƴa suke haihuwa kai tsaye, wajen kowane mako huɗu. Da na buɗe filtir na ciki na tarar da ƴaƴa ukku cikin akwatin a raye, ido kawai kake gani da ɗan wutsiya, ramun shigar ruwa sun ja su. Na juye su cikin kofi na maida. Na yanko tsohuwar safa ta mata mai laushi, na wanke da ruwan zahi ba sabulu, na sa ma filtir ɗin na ɗaure da roba. Tana toshewa da sauri, sai an riƙa cirewa ana ɗaurayewa, amma ta rage ma auduga aiki ƙwarai.

Sauran ƴaƴan duk suna jikin filtir na iska suna tsattsagar soson, akwai ƙananan halittu a jikinshi da suke ci. Baki ya ƙaru a bak kenan, amoniya za ta ƙaru, ƙwayoyin za su bi sahu da kansu in ba a hanzarta ba. In sun girma zan raba ma maƙwabta, lita 60 ba ta ɗaukar zuri'ar gupi.

3 Agusta

Damina ta zauna, ruwan bak ya dawo 27 ba fanka, na maida marhi. Kogi ya yi ja, in ka bi ta gadar Kennedy ka gani, jar ƙasar da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa ce. Kwanakin ga in na cika randa ina ganin ɗan abu ya kwanta a gindi da sahe, sai in ɗebi na sama in bar na ƙasa, kuma hancina na jin klor hiye da da, don haka ko ruwan ya kwana ina ƙara ɗigon magani.

Zoben seramik ba su tsufa, har yanzu na farko ne, sai in sun fara marmashewa. Soson filtir na iska ne ya fara gajiya, kumfa da yawan matsa, in na matsa shi bai komawa yadda yake da wuri. Ba zan cire shi lokaci guda ba. Na sayo sabo irinshi, na soke shi bisa tsohon a sanda ɗaya, za su zauna tare har tsakiyar Satumba sannan in zare na ƙasa. Na ciki kuma ba zan wanke shi cikin makon da na yi wannan ba, in an taɓa ɗaya a bar ɗayan.

Nitirat na wajen 25 a takarda, ina so shi tsaya ƙasa da 50, da ƴaƴan nan sai na ƙara yawan canji zuwa lita 20 a mako. Takardun gwajin ma sun kusa ƙarewa kuma danshin damina ya fara ɓata launinsu cikin gwangwani, na ba wani mai zuwa Kwatano saƙon abin gwaji na ɗigo, in ya samo sai in gwada su biyun a ruwa ɗaya in ga ko takardar gaskiya take faɗa min.